Inna Zaituna da Sunan da Delou Ta Ƙi Kira

Da an idar da sallar asuba, Inna Zaituna takan shimfiɗa tabarmarta a ɗan falonta na unguwar Nasiriya a Riyad, ta jera mataji da kibiyar tsaga da kwalbar man kitso, ta ɗora shayi. Kafin rana ta fara dukan kwalta, takalma sun taru a ƙofa. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci na zuwa, matan 'yan kasuwar Dira na zuwa, ran Juma'a kuwa 'yan aikin gida ne da aka sako su hutun wuni guda. Kowacce ta ɗora kai a cinyarta, Inna ta tsaga, ta shafa mai, ta kama shuku ko kalaba. Idan kitso ya yi rabi, lokacin da mace ba ta da halin tashi ta gudu, sai ta jefo tambayarta.

"A garinku, ko kin san wata da ta taɓa zama Saudiyya, aka mayar da ita gida, ta bar ɗa a nan?"

"Kai, Inna! Wancan zuwan ma kin tambaye ni."

"Wancan zuwan ai ba ki je gida hutu ba. Sunkuya, kanki kamar na jaki."

Inna mutuniyar Funtuwa ce. Da ƙuruciyarta ta zo Riyad aikin gida wajen wani iyali a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Suka gama wa'adinsu suka tafi, ita ta sami wani kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mata a takardu, ta zauna, ta koma kitso. Larabcinta na kasuwa ne, ba na makaranta ba, amma ya ishe ta aikin da babu wanda ya ɗauke ta, babu kuma wanda ya taɓa yi mata godiya a bainar jama'a. Aikin shi ne nemo wa 'ya'yan riƙo iyayen da suka haife su, sannan ta zauna tsakani ta yi tafinta. Wasu daga cikin yaran nan an raine su a gidajen Larabawa, sun girma, sun yi karatu, sun yi aure, ba su jin ko "zo" da Hausa. Uwa kuma tana can wani ƙauye, ɗan Larabcin da ta tsinta ya daɗe da zubewa.

Wata mai zuwa Inna za ta koma gida gaba ɗaya. Yatsunta sun fara ƙin lanƙwasa, iƙamarta kuma, wato takardar izinin zama, ba za a sake sabuntawa ba. Shi ya sa nake rubuta wannan tun tana iya jin sa da kunnenta. Waɗanda ta haɗa suka rungumi juna suna nan, za su iya ba da nasu labarin. Ni na zaɓi wanda ita kanta ba ta son a tuna mata, domin a cikinsa aka fi ganin ko wace ce ita.

Wata ranar Asabar wata mata ta yi sallama da Larabci, ta tsaya a ƙofa ba ta cire takalmi ba. Sunanta Muhibba, tana aiki a wani kantin magani, shekarunta sun ɗan haura talatin. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Kitso ne?"

"A'a, ya khala," in ji ta, yadda Larabawa ke kiran 'yar'uwar uwa. "An ce kina nemo mutane."

Ta zauna, ta ba da labarinta. Wani iyali ne suka ɗauke ta daga gidan renon marayu tana 'yar ƙarama, suka riƙe ta da amana, ba ta da abin da za ta ce da su sai addu'a. Da ta kai shekara ashirin ta je ofishin da ya kula da riƙonta, ta nemi a nuna mata fayil ɗinta. Aka ce a rufe yake. Ta koma, ta sake komawa, ta kai takardar roƙo, amsa ba ta canza ba. Sai shekarar da ta gabaci zuwanta wajen Inna, da matar da ta raine ta ta kwanta ciwo, ta kira ta ta ce mata: "Ranar da aka kawo ki kina tafiya amma bakinki bai buɗe ba. Duk wanda ya yi miki magana sai ki dafa ƙirjinki ki ce Biba. Mai aikin maƙwabta ta ce sunan Hausawa ne."

"Shi ke nan abin da kike da shi?" in ji Inna.

"Shi ke nan. Kalma ɗaya."

"To, cire takalminki. Da kalma ɗaya ma ana fara kitso."

Daga ranar tambayar Inna ta sami suna a ciki. Ta tambayi duk kan da ya hau cinyarta. Ta tura saƙon murya ga matan da suka koma gida, Kano, Gusau, Maraɗi, Damagaram, su ma su tura gaba. An kawo mata labaran ƙarya, an kawo na kuskure. Wata ta rantse 'yarta ce, da aka bincika ashe namiji ta bari. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Sannan wata tsohuwa daga Tasawa ta aiko da murya tana haki, ta ce akwai wata Delou a wani ƙauye kusa da su, wadda ta taɓa tallar gyaɗa a wajen Dira. An kama ta ba takardu, aka mayar da ita gida, ranar da ta bar 'yarta wajen maƙwabciya. Tsoro ya hana ta cewa tana da ɗiya, don yarinyar ma ba ta da takarda, kuma ta ɗauka wata biyu za ta yi ta dawo. Ba ta sake samun hanya ba. Maƙwabciyar ita ma da nata kamun ya zo, sai ta miƙa yarinyar gidan marayu.

Inna ba ta yi gaggawa ba. Ta yi magana da Hamissou, ɗan da Delou ta haifa bayan ta koma gida ta sake aure. Ta tambayi shekara, ta tambayi unguwa, ta tambayi tabon ƙuna da ke bayan hannun Muhibba na hagu. Delou ta aiko amsa ta bakin ɗanta: butar shayi ce. Sai aka sa ranar kiran bidiyo.

Muhibba ta zo da sabuwar abaya. Inna ta jingina wayar da kwalbar man kitso. Hoto ya buɗe, ga wata 'yar siririyar tsohuwa a gindin bishiyar bedi. Ta dubi allon sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai gefe.

"Hajiya Zaituna, ina wuni? Ina gajiya? Ya zafin garin naku?"

Ta gaishe da Inna gaisuwa mai tsawo, ta tambayi maigida, ta tambayi sana'a. Inna tana juyawa da Larabci. Can Delou ta ce, idonta a ƙasa, "Yarinyar tana cin abinci kuwa? Na ga ta rame."

"Ta ce kin rame," in ji Inna ga Muhibba.

"Tana da aure?" in ji Delou.

"Tana da shi. Ba su haihu ba tukuna."

"To, madalla. Allah ya kawo masu albarka."

Muhibba ta matso har numfashinta na taɓa allon. "Ya khala, ki ce mata ta dube ni. Ki ce mata ta kira sunana. Sunan da ta sa mini."

Inna ta faɗa, kamar yadda aka ce. Delou ta yi 'yar dariya cikin mayafi, ta shiga wasa da bakin zaninta. Sannan ta ce, "Bari in duba tukunya," ta tashi. Aka bar su da bishiya da fuskar Hamissou.

A kan kowace magana tafinta na iya yin rufa-rufa, ta ƙara gishiri, ta ce ta ce tana sonki. A kan wannan babu hali. Kalmar da Muhibba ke jira ita ce kaɗai kalmar da ba ta bukatar tafinta, kuma kunnenta bai ji ta ba.

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta. "Khalas, shi ke nan. Sau biyu ke nan tana tashi ta bar ni."

"Tsaya, 'yata, ki ji. Ke ce ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane. Kunya ce."

"Kunya? Bayan shekara talatin?"

Ta fita. Inna ta bi ta har bakin titi ba takalmi, kwalta na cin ƙafarta, amma mota ta riga ta tashi.

Har yau in an taɓo zancen, Inna takan ajiye mataji ta ce abin bai taɓa zo mata a rai ba, cewa wannan ma sai an yi wa mutum bayani tun kafin a kunna waya. Ita da kanta ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Abin da ka tashi a ciki ba ka ganin sa.

Da wata ce, da ta ce ta yi iya nata. Inna ba ta ce ba. Ta riƙa tura saƙo, ana buɗewa ba a amsawa. Ta riƙa shiga motar haya zuwa kantin maganin da ƙullin masa a jaka, ta bi layi kamar mai sayen magani, in ta iso gaba ta ajiye ƙullin ta ce, "Tana tambayarki." Muhibba ta ce, "Ta kira sunan?" Inna ba ta taɓa cewa e ba. Ta kuma roƙi Delou ta waya, ta ce ko sau ɗaya ne, ko a saƙon murya, ba kowa a wurin. Delou ta ce, "Hajiya, bakina ba zai iya ba. In ta zo dai, ta ga yadda zan yi da ita."

Ba ta zo ba. Da damina ta faɗi a can, zazzaɓi ya kwantar da Delou, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa.

Inna ce ta kai labarin da ƙafarta. Ta jira aka tashi daga aiki, ta zaunar da Muhibba a kan benci a bayan kantin, ta faɗa mata. Muhibba ba ta yi kuka ba. Inna ta ce, "Ƙaninki na son ya yi miki gaisuwa," ta kira Hamissou, ta sake zama tsakani.

Bayan ta'aziyya Hamissou ya ce, "Hajiya, ki faɗa wa Yaya wani abu. Matata sunanta Biba. Ranar da na gaya wa Innarmu sunan yarinyar da nake nema, ta tashi ta shiga ɗaki, har la'asar ba ta fito ba. Tun da aka kawo ta gidan nan, Innarmu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Mai-suna take ce mata. Akwai wata Biba mai sayar da ƙuli a bayanmu, ita ma Mai-suna. Mutane na cewa tsohuwar nan da wani hali take. Mu ba mu san sunan wa take ɓoyo ba, sai da kuka kira."

Inna ta juya maganar da Larabci, ba ta rage ko kalma ba. Muhibba ta dafa ƙirjinta, daidai inda aka ce takan dafa tana yarinya. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Yaya ake cewa Allah ya yi mata rahama, da yarenta?"

"Ki ce, Allah ya jiƙan Inna."

Ta faɗa, harshenta na tuntuɓe a kan ƙa. Ta sake faɗa. A na ukun kukan ya zo.

Na sha jin masu cewa a bar tone-tone, wanda ya raine ka shi ne uwa da uba, fayil a rufe ya fi zama alheri. Ba na ba su haƙuri, kuma ba na sassauta murya. Nakan tambayi mai faɗin haka sunan mahaifiyarsa. Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, don kunya. To, ƙin faɗa daban, rashin sani daban. Shi ya sani, ya zaɓi ya yi shiru. Muhibba ba a ba ta zaɓi ba. Ban san abin da ke cikin fayil ɗin nan ba, ita ma har yau ba ta sani ba. Wataƙila babu komai. Wataƙila akwai sunan gari. In akwai, to shekaru goma aka ci mata, shekarun da za su ishi mutum ya yi fushi, ya huce, ya koyi yare, ya hau jirgi. Baligi mai hankali yana da haƙƙin ya ga takardar da aka rubuta a kan haihuwarsa, kuma neman wadda ta haife ka ba butulci ba ne ga wadda ta raine ka.

Inna Zaituna, ke ce kika buɗe abin da kika iya buɗewa, da kibiya da haƙuri. Ke ce ba ki taɓa sa wa uwa maganar da ba ta faɗa ba, ko da ƙaryar za ta fi daɗin ji. Zaituna ta Nasiriya, mai tsefe kai, mai tsefe zance. Tun daga kan Muhibba, duk wanda ya zo, sai kin zaunar da shi kin gaya masa: za ta kawar da kai, za ta tambayi abinci, kada ka tashi. Waɗanda suka zo daga baya sun ci amfanin wannan ciwon naki, ba su ma sani ba.

Makon jiya Muhibba ta zo sallama, ta cire takalmi tun daga ƙofa, da jaririya a kafaɗa. Ta fari ce. An raɗa mata Aminatu, sunan yanka na Delou. Inna ta karɓe ta, ta jinjina nauyinta, ta ce da Hausa, tana kallon uwar ta gefen ido, "Yaya ma sunanta?"

Muhibba ta ja mayafi ta rufe baki. "Mai-suna," in ji ta.

Inna ta yi dariya har hawaye, sannan dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Mun gode, Inna. Allah ya kai ki Funtuwa lafiya, ya hutar da yatsun nan. Mu da muka rage a Riyad, masu jin yare biyu, tabarmar ba ta da nauyin ɗauka, tambayar kuma ba ta da tsawo. Kowa ya yi ta a inda yake, a mota, a shago, a ofis, kuma ya yi ta yau, tun tsohuwar tana zaune a gindin bishiyar.