Ranar da Malam Maccido Ya Miƙe a Kebbe

Shekara ashirin da takwas ke nan Malam Maccido yana koyarwa, mafi yawansu a nan Tambuwal. Da an sallame asuba zai koma gida ya sha kunu, ya rataya jakarsa ta fata, ya bi ta bayan kasuwa zuwa makarantar elemantare, kai a sunkuye, yana gaida mutane tun kafin su gaishe shi. Shi ke buɗe aji, shi ke goge allo da hannunsa. A ƙarshen wannan shekara ta 1957 zai ajiye alli, kuma mu da muka zauna gabansa mun ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Turanci yake koyarwa, amma ba na hadda ba. A wurinsa ba a san ƙa'ida ba sai an ji ta a bakin mai magana. Don haka yakan kwafo jimloli daga takardun En'e, da sanarwar da ake mannawa a kasuwa, da abin da ya ji Turawa suna faɗa in sun zo rangadi. Darasin da ya fi nanatawa shi ne tambayar da ke ɗauke da "ba". Sai ya rubuta "Didn't you eat?" a allo, ya juyo ya yi bayani. In aka ce wa Bahaushe, "Ba ka ci ba?" ya ce "I", nufinsa haka ne, bai ci ba. Bature kuwa in ya ji "Yes", to ka ci ke nan. Shi aikin yake amsawa, ba mai tambaya ba. In an yi, "Yes, I did." In ba a yi ba, "No, I didn't," ko ta ina aka murɗo tambayar. Malam bai taɓa yarda ɗalibi ya amsa masa da kalma ɗaya ba. Mun ɗauka tsanani ne kawai, sai daga baya muka ji abin da mutanen Kebbe suka gani.

Malam Maccido mutum ne mai tsoro, kuma shi da kansa ba ya musu. Yana sabon malami ya ga an sallami abokin karatunsa daga aiki don ya gyara wa wani Bature magana a gaban jama'a. Tun daga ranar, in aka ce Bature ya sauka garin, bakinsa kan bushe.

A 1943 aka tura shi Kebbe. A shekarar ce ciwon bushiya ya shiga shanu, kullum ana jan mushe zuwa bayan gari, mata a rugage suna kuka kamar an yi rashin mutum. Aka kafa doka kada saniya ko ɗaya ta fita ƙasar Kebbe. Wanda ya karya, a harbe garkensa, shi kuma a wuce da shi Sakkwato. Duk da haka wani ya kora shanu kasuwar Tambuwal, ciwon ya ɓulla a can. Di'o, Baturen mulki, ya zo bincike da kansa, da wani sabon tafinta, baƙo a ƙasar.

A rana ta biyu ta binciken aka aika makaranta a kawo benci, Malam ya rako shi, ya rakuɓe can baya. An yi zaman a ƙofar gidan hakimi, bayan azahar. Aka gabatar da wani makiyayi mai suna Sambo, mai shanu sittin da 'ya'ya bakwai, wanda bai taɓa tsayawa gaban Bature ba. Ya durƙusa yana kallon ƙasa.

Di'o ya ce, "Didn't you take your cattle to Tambuwal?" Tafinta ya juya ya ce, "Ba ka kai shanunka Tambuwal ba?"

Sambo ya ce, "I."

Tafinta ya ce, "Yes, sir."

Malam ya ɗago kai. Ya ga alƙalamin Di'o yana tafiya a kan takarda, ya san abin da ake rubutawa, ya kuma san duk taron nan babu wanda ya gane sai shi. Ya ce a ransa wataƙila tambaya ta gaba za ta warware. Aka tambayi Sambo ko bai shayar da shanunsa a rijiyoyin Sanyinna ba, ya ce "I", aka ce "Yes". Aka tambaye shi ko bai sayar da bijimi biyu a hanya ba, ya ce "I", aka sake cewa "Yes". Di'o ya rufe alƙalami, ya yi wa 'yan doka nuni. Suka kama Sambo ta kafaɗa, shi kuwa yana raba ido, bai san laifin da ya amsa ba.

Malam ya tuna abokinsa da aka kora. Ya tuna matarsa Ummu da ke goyo. Magana gaban hakimi ba izini ma laifi ce, balle gaban Di'o. Duk da haka ya miƙe.

Ya ce wa hakimi, "Ranka shi daɗe, a gafarce ni. Mutumin nan bai amsa laifi ba. Abin da anka faɗi ma Bature ba shi ne yac ce ba."

Dogarai suka yunƙuro, hakimi ya ɗaga musu hannu. Malam ya maimaita da Turanci, ya roƙa a sake tambayar ba tare da "ba" a cikinta ba. Aka ce wa Sambo, "Ka kai shanunka Tambuwal?" Ya ce a'a, wallahi ko rafi ba su ƙetare ba. Fuskar Di'o ta yi ja. Ya ce mutumin ya canza magana ne don ya sami mai tsaya masa, ya kuma tambayi sunan malamin ya rubuta.

Malam yana kallo aka rubuta sunansa. Sai ya roƙi alfarma ɗaya, a tambayi jama'a ko rana ba ta faɗi ba. Rana kuwa tana tsaye, tana dukan kowa. Tafinta ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, rana ba ta faɗi ba?" Mutum fiye da ɗari suka amsa baki ɗaya, "I."

Di'o ya ɗaga kai ya dubi rana. Daga nan ya buɗe littafinsa ya koma shafin jiya, inda wani mai suna Ɗangiwa ya amsa irin waɗannan tambayoyi da "I". An riga an tafi da shi, an harbe shanunsa da hantsi. Aka saki Sambo bayan shaidu sun tabbatar garkensa bai motsa ba. Ɗangiwa ya dawo bayan kwana goma sha tara, ya tarar da turaku babu ko maraƙi.

Wata biyu Malam ya yi yana jiran takardar kora. Duk mahayin da ya tsaya ƙofar makaranta sai alli ya faɗi daga hannunsa. Da takardar ta zo, gargaɗi ne a kan katsalandan, tare da umarnin ya koma Tambuwal. Ba a taɓa ba shi hedimasta ba, ko da yake ɗalibansa uku sun zama.

Malam, kai ne ka tsaya jikinka na rawa, ba don tsoron ya sake ka ba. Kai ne ka mayar da abin da ya kusa cin aikinka darasin kowace shekara, har yau akwai tafintoci da malaman asibiti da akawuna a lardin nan da ba sa yarda su kai wa Bature "Yes" sai sun tabbatar da abin da mai magana yake nufi. Maccido na Ummu, mai gyara ba hayaniya, mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya.

Da muka je gaya masa za mu rubuta wannan, ya ce abu ɗaya ke hana shi jin daɗin labarin: ya bari sai da aka yi tambaya uku kafin ya tashi. Ku da kuka san harshe biyu, kuke tsaye tsakanin mai iko da wanda ba ya jin abin da ake faɗa a kansa, ku yi koyi da Malam Maccido. In ranarku ta zo, ku miƙe tun a tambaya ta farko.