Ɗigo uku a inda motar Dauda ta kwana

Akwai wata safiyar Talata ta watan Fabrairun 1970 da har yau ban manta da ita ba, kuma ba don na yi abin kirki a cikinta nake tunawa ba. Ku yaran gareji kullum kuna yi mini dariya wai Baba Bulus yana gaida ƙasa kafin ya gaida mutane, saboda kun ga ina duƙawa a gindin kowace mota da safe. To, tunda yau ce ranata ta ƙarshe a Magazin, wannan unguwa tamu ta makanikai, ku ajiye sifana ku zauna, in gaya muku inda na samo wannan ɗabi'a.

Ni asalina direba ne, ba makanike ba. Shekara bakwai na yi ina jan lorin Alhaji Sanda, wani attajirin goro a unguwar Zongo, daga Kumasi zuwa arewa. A lokacin kowane direba yana da meti, wato yaron mota mai ɗaura kaya da sa waigi, wanda ke koyon tuƙi a hannunsa. Metina shi ne Dauda. Garinmu ɗaya, cocinmu ɗaya, ɗakunanmu na kallon juna a wani gidan haya a Akwatia Line. Ni na ɗora hannunsa a kan sitiyari, ni na kai shi ya sami lasisi. Masta yake kirana.

A watan Afrilun 1969 babban ƙarfen cikin injina, wanda muke kira kiranshaf, ya karye. Aka jawo motar zuwa Magazin, wajen wani tsohon makanike Ba'asante, Wofa Kwaku. Alhaji yana da doka guda da ba ya sauyawa: direba ba ya rabuwa da motarsa. In tana hanya kana hanya, in tana gareji kana gareji, kana gadinta kada a musanya mata kaya. Aka ce mini sati uku ƙarfen zai iso. Na ce ba komai, hutu ne.

Sati uku ya zama wata biyu. Ana cikin haka Alhaji ya sayi sabuwar lori fil, koriya, sai sheƙi take yi. Ban ko yi shakka ba tawa ce. Har na ce wa matata ta wanke mini farar rigata. Da na isa ƙofar gidan Alhaji, sai na tarar da Dauda a kan kujerar direba, ana ta yi masa barka.

"Alhaji," na ce, "ni fa?"

"Kai kana da mota, Bulus. Tana Magazin."

"Wannan gawar?"

"Gawarka ce. Je ka zauna da ita har ta tashi."

Kai! Ban san yadda na isa gida ba ranar. Dauda ya sa aka rubuta wa motar suna a goshi da jan fenti: Sai Godiya. Duk sanda ta wuce, sai in ji kamar da ni take. Ranar Lahadi a cocinmu, inda ake yin sujada da Hausa, ya tashi ya ba da shaida cewa Ubangiji ya ɗaukaka shi. Kowa ya ce amin, ni bakina ya ƙi buɗewa. Ba zan ɓoye muku ba, hassada ce tsagwaronta. In ya dawo daga tafiya ya kawo wa matata doya da zabi, sai in ce a mayar masa, ba mu roƙe shi ba. A tasha kuwa ba wanda bai ji bakina ba. Na ce yaron bai iya canja giya ba, na ce zai kashe injin kafin Kirsimeti, na ce motar ma kyan fenti ne kawai.

Mai wa'azinmu, Malam Ishaku, ya lura. Ya tare ni wata rana bayan sujada.

"Bulus, me kake roƙon Allah kwanan nan?"

"Sitiyari, Malam. Ba na roƙon komai sai shi."

"To, ci gaba da roƙo. Amma inda ya zaunar da kai ɗin nan, ka buɗe ido ka ga me yake koya maka. Ba ya ajiye mutum don ya manta da shi."

Na ce to, a raina kuwa na ce shi da yake bai taɓa wuni a kan tsohuwar taya rana na dukansa ba, ai dole ya faɗi haka.

Wofa Kwaku shi ba ya son ganin mutum zaune. Da ya gaji da ganin fuskata a murtuke, sai ya jefo mini tsumma ya ce in zo in yi amfani. Aikin birki ya fi ƙwarewa a kai, kuma yana da wata hanya tasa. In an kawo mota, ba ya tambayar direba me ke damunta. Sai ya sa a tura ta gaba kaɗan, ya tsuguna a inda ta kwana. "Hwe fam," yake cewa da Asantanci, wato duba ƙasa. In ya ga ɗigo, sai ya dangwala da yatsa, ya murza, ya sansana. Baƙin mai na inji daban, man giya daban, man birki kuma yana da wani wari mai kaifi da ke hawa kai. Haka ya riƙa cusa mini yatsa a hanci kamar mai ba jariri magani, har na iya rarrabewa ido a rufe. Ya kuma koya mini gwajin birki na gaskiya. Direbobi taɓawa muke yi sau biyu, in ya yi tauri mu ce lafiya. Shi kuwa cewa yake ka taka da iyakar ƙarfinka, ka riƙe, ka ƙirga talatin. In akwai rauni a bututun man birki, a nan zai nuna kansa.

Na koya, amma da baƙin rai na koya. Ni da ake kira Masta, ga ni ina wanke robar birki a cikin kwano.

A ƙarshen shekarar aka ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa. Zongo ta rikice, gidaje suka zama kango, kuma mutumin da zai kawo mana kiranshaf yana cikin waɗanda suka tafi. Direbobi suka yi ƙaranci a gari. Na ce yanzu kam dole Alhaji ya neme ni. Bai neme ni ba. Wata goma cur ina zaune, ina addu'a safe da yamma, ina jin kamar da bango nake magana.

To, ranar Talatar nan, na biyo ta tashar goro da sassafe zan nemi motar Suame, inda Magazin yake. An gama ɗaure huhunan goro a kan Sai Godiya, an matsar da ita gaba don fasinja su hau. Ban yi niyyar duba komai ba, wallahi. Idona ne ya riga ya saba. A daidai inda tayar baya ta hagu ta kwana, na ga ɗigo uku a ƙasa. Na tsuguna, na dangwala, na sansana. Man birki ne.

Kun san hanyar arewa ta Mampong, da hawanta da gangarenta da kwanonin nan masu juyawa kamar igiya. Mota mai cikakken lodi in birki ya tafi a wurin, ba a tambayar wa ya tsira.

Ga abin da na yi. Na goge yatsana a wando, na miƙe, na wuce.

Na ce wa kaina ba motata ba ce. Na ce ai shi ne direba, shi Allah ya ɗaukaka, ya duba kayansa. Ban ce ya mutu ba, ban bar zuciyata ta ƙarasa wannan tunanin ba. Abin da na hango kawai shi ne koriyar motar nan a cikin rami, Alhaji yana aikowa a kira Bulus. Har na ji daɗin hoton, Allah ya gafarta mini.

Na je wajen mai koko a bakin tasha, na sayi koko da ƙosai. Tun ina yaro ba na cin abinci sai na yi godiya. Na ɗaga hannu na rufe fuska zan ce Ubangiji na gode, sai warin man birkin nan ya bugi hancina daga yatsuna. Na kasa furta ko kalma ɗaya. Na sake gwadawa, na kasa. Ta bayana ina jin ana miƙa wa wata mata jaririnta a saman kaya, ina jin Dauda ya tada inji.

Na ajiye kokon, na ruga. Na sha gaban motar na ɗaga hannu biyu.

"Kashe! Dauda, kashe inji! Birkinka na zuba!"

Tasha ta ɗauki hayaniya. 'Yan lodi suka fara ihu: "Ga shi nan kuma! Baƙin ciki zai kashe Bulus!" Wani fasinja ya ce a janye mahaukacin nan rana na yi. Alhaji da kansa ya taso daga bencinsa, ransa a ɓace.

"Bulus, wata nawa kana zagin motar nan? Ka ce injin, ka ce giya, yau kuma birki? Goro ba ya jiran hassadarka. Kauce."

"Alhaji, yau gaskiya nake faɗa."

"Jiya fa?"

Duk maganar da na yi ta watsawa wata da watanni, ita ce ta tsaya a gabana ranar da nake bukatar a yarda da ni. Dauda ya taɓa birki sau biyu a gaban kowa, ya yi tauri. Mutane suka fashe da dariya. Na ji kamar in nutse, amma ban matsa ba.

"A bar ni in taka sau ɗaya," na ce. "In ya riƙe, kada in sake shigowa tashar nan har abada."

Alhaji ya buɗe baki zai hana, sai Dauda ya buɗe ƙofa ya sauko.

"Alhaji, a bar shi. Shi ya koya mini. Hau, Masta."

Wata goma rabona da kujerar direba. Na zauna, na kama sitiyarin nan da na yi ta mafarkinsa, na taka birki da ƙafa biyu, na riƙe, na fara ƙirga da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ɗaya, biyu, uku. A goma ba abin da ya faru. A sha bakwai sai muka ji fat! Ƙafata ta tafi har ƙasa. Mai ya yi tsartuwa a bayan taya kamar an yanka kaza.

Da muka leƙa, bututun ne ya daɗe yana gogar shasi, wato ƙarfen gindin mota, har ya zama kamar takarda. Matar nan mai jariri ta sauko tana salati, Alhaji ya zauna a kan huhun goro yana maimaita innalillahi. Na aika Magazin aka kawo bututu, na ɗaura da hannuna, na fitar da iska, na sake takawa har talatin. Da azahar suka tashi.

Washegari Alhaji ya kira ni. Na tafi da farar rigata, na ce yau addu'ata ta karɓu.

"Bulus," ya ce, "direbobi zan iya samu. Mai hanci irin naka ne ba ni da shi. Daga yau ba motata da za ta bar tasha sai ka duba ta."

"Sitiyari fa, Alhaji?"

"Ka manta da shi."

Na fito na yi kuka kamar yaro. Ba wannan na roƙa ba. Kiranshaf ɗin nan bai taɓa zuwa ba, tsohuwar motata a Magazin ta ruɓe, ni kuma ban sake jan lori zuwa arewa ba.

Ranar Lahadi Dauda ya tashi a coci ya ce Allah ya zaunar da Masta wata goma a gareji don ya ceci ransa da na mutum ashirin da wani abu. Jama'a suka juyo suna kallona da murmushi, ni kaina a ƙasa. Da aka tashi na ja shi bayan coci.

"Dauda, akwai abin da ba ka sani ba. Na ga man nan tun farko, na wuce. Har koko na saya."

Ya ce, "Na sani, Masta. A madubi na gan ka. Na ga ka tsuguna, ka sansana, ka tashi ka tafi."

"Ka gani? To, me ya sa ka tada inji?"

"Ai da na ga ka tafi ba ka ce komai ba, sai hankalina ya kwanta. Na ce Masta ya duba, lafiya lau ke nan."

Yara, an zage ni a rayuwa, an mare ni, amma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan maganar. Wata takwas ina cin namansa a tasha, shi kuwa shiruna kawai ya ishe shi ya ɗora ransa a kai.

Malam Ishaku ya yi gaskiya, Allah bai manta da ni a kan tsohuwar tayar nan ba. Ni dai na ɗauka kujera yake shirya mini, ashe hancina yake gyarawa, da zuciyar da ta fi bututun nan ruɓewa. Saura ƙiris in yi amfani da abin da ya koya mini in kashe wanda ya koya mini dominsa. Don haka wanda a cikinku yake ganin an bar shi yana wanke roba, ƙaninsa ya wuce shi, ya wanke da kyau, ya kuma kama bakinsa, domin akwai ranar da zai bukaci a yarda da shi. Kuma ku sani a wannan sana'a, direban da ya gan ka ka duba motarsa ka yi shiru, ya ɗauka ka ce masa tafi. Shi ya sa nake duƙawa kowace safiya, kuma tun daga ranar ban sake goge yatsana a wando ba sai na faɗi abin da na sansano.