Irin Gero a Cikin Ordinata

Daga Kara-Kara

A bazarar da ta biyo bayan daminar da ta yi mana rowa, na bar gida da idar da sallar asuba. Abokina Mushe Sani, wato Malam Sani, direktan wata lakkwal, makarantar boko, a Gaffati, ya aiko cewa ordinatarsu, kwamfutar da suke da ita guda ɗaya, tana zafi tana mutuwa, kuma sufeto ya ce in ba ta gyaru ba zai mai da ta birni. Guzurina 'yar fallen memuwa ce a aljihu, wadda ake ƙara wa na'ura don ta bar nawa.

A Zango na hau kabu-kabu.

"Mushe, ina akwatin gyaran?" in ji direban.

Na nuna masa memuwar.

"Wannan? Ai biskit ma ya fi ta auki."

A shingen bakin gari jandarma ya juya ta, ya shinshina, ya ga ba ta ciwuwa, ya ce mu wuce.

Gaffati

Mun isa da hantsi. Aka tarbe ni da furar da ake hango gindin ƙwarya ta cikinta. Direkta ya tafi neman shayi, ya bar ni da Baba Idi maigadi, wanda ya tsaya a ƙofa yana zufar da ta fi ta bazara.

Allah ya yi wa maƙerin wannan na'ura albarka. Babu ƙusa ko ɗaya. Ka danna sakata, gefenta ya buɗe kamar taga. Wayoyi a ɗaure tsaf, duk abin da hannu zai cire an shafa masa shuɗi, ga guraben da aka bari domin gobe. Na sa memuwa, ta ce ƙas. Fere fensir ya fi wannan wuya.

Sai na ga ƙunshin tsumma ya toshe fanka.

"Baba, wannan wane sashe ne? Ba a koya mana shi ba."

"Iri ne, Malam," ya ce a hankali. "Na shuka. A gida in jikoki suka yi kuka, hannuna ba ya jin magana. Nan kuwa kowa tsoronta yake, har direkta."

"Wa ya buɗe maka?"

"Tsintsiya na jingina, ta buɗe da kanta."

In na fitar da irin, za a daka shi kafin ruwa ya sauka. In na bar shi, na'ura ta tafi birni da shi. Sai na tura ƙunshin gurbin faifai na biyu, nesa da fanka. Ya zauna daram, kamar an gwada.

Direkta ya dawo ya tarar da ita tana gudu, a sanyaye.

"Me ka ƙara mata?"

"Memuwa, da wurin ajiya. Amma kada mai ilimi ya buɗe ta sai an yi shuka. Baba kaɗai, domin shara."

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta.

Gida

Na iso Kara-Kara da la'asar. Na gode wa Allah, da direba, da maƙerin da ya bar gurbi bai ce ga abin da za a sa ba. Bayan kaka Baba Idi ya aiko mini damin gero, da saƙon cewa gurbin ya koma hannun gwamnati.