Layin Inci Huɗu a Kan Kwalar Kawu

Ƙanin mahaifiyata tela ne, kuma a shekara arba'in da biyu da ya yi a kan keken ɗinki ban taɓa jin ya yabi rigar wani ba. Idan ka shiga shagonsa, kafin ya amsa gaisuwarka ya riga ya gama duba wuyanka. Ni kaina sau biyu yana tuɓe mini riga a gaban mutane, ya bar ni da singileti a kan benci, ya farke kwalar ya sake ɗora ta, yana ta ƙunƙuni a kan telan da bai taɓa gani ba kamar sun raba gado.

Abin da aka san Kawu da shi ke nan: kwala. Wando, a wurinsa, buhu biyu ne aka haɗa, kowa ma ya iya. Amma kwalarsa ba ta shaƙe mutum, ba ta kuma yin laƙwas bayan wanki uku. Sirrin wani ɗan lanƙwasa ne a daidai inda take zama a bayan wuya. Yana saurayi ya gano shi, bayan ya ɓata yadin maigidansa har an kusa korarsa. Da ya same shi sai ya yanke shi a jikin kwali, girma tara daga ƙarami zuwa babba, ya huda su ya rataye a ƙusa bayan ƙofa. Da waɗannan kwalaye ya yi aure, da su ya rufa ɗaki uku, da su ya kai 'ya'ya biyar makaranta. Kana iya zama a kujerarsa, kana iya shan shayinsa, amma ba ka taɓa ƙusar nan.

Ya yaye masu koyo da yawa, sai dai ɗaya ce kawai yake lissafawa a cikin teloli. Bahaguwa muke ce mata, don da hagu take yanka. Shekara bakwai ta yi a ƙarƙashinsa yana yi mata faɗa a kan riƙon almakashi, alhali duk unguwa an san shi ne ya yi tafiyar yini guda ya nemo mata almakashin bahagwai, ya ajiye a kan teburinta ya ce wai tsintarsa ya yi. Daga baya aure ya kai ta wani gari, tafiyar awa huɗu a mota, ta buɗe shago har da keke shida. Ta tafi da komai na sana'ar ban da kwalar. Bai taɓa bari ta kwafi kwalayen ba. Ba rowa ba ce, in ji shi, lokaci ne bai yi ba.

Lokacin ya yi ne da damina guda. Rufin shago ya yi yoyo daidai kan ƙusa, kwalaye biyu suka sha ruwa suka karkace. A makon kuma Kawu ya kwashe rabin awa yana neman kafar allura, har matarsa Umma ta karɓa ta zura masa zaren ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ya fi komai damunsa.

Auta, 'yarsa da ke aiki a ɗakin magani na asibiti, tana hutu a lokacin. Ta ce a kawo kwalayen ta zana su a kwamfuta, inda ba ruwa ba ɓera. Manhajar rubutu kaɗai ta sani, wadda take buga wasiƙun ofis da ita, to a cikinta ta zana. Kwala ta fi takarda tsawo, don haka rabi ta yi a kowane shafi, yadda za a ninka yadi a yanka, ta haɗa da zagayen wuyan rigar na gaba da na baya. Kwana tara Kawu yana tsaye a kanta.

"Ƙara kamar kaurin zare."

"Baba, na ƙara."

"To rage rabinsa."

Da aka buga, ya ɗora kowace takarda a kan kwalinta ya ɗaga a hasken taga. Ko gashi ɗaya ba su saɓa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, kamar wanda ke maganar cefane, "Tura wa Bahaguwa."

Aka tura ta waya. Ta kira ta yi ta godiya. Daga nan kuma sai shiru. Matar da ba ta ƙetare mako ba ta kira ta gaishe shi ba, ta yi mako uku ba a ji ɗuriyarta ba. A na huɗu wani direba ya kawo ƙunshi: riga ɗaya, an rubuta sha shida a wuyanta da alli, ba wasiƙa ba saƙon baki.

Kawu ya sa tef. Sha biyar.

"Ta girma," ya ce, yana ninke rigar a hankali. "Mai keke shida ai ba za ta bi awon mai keke ɗaya ba. Ta gyara mini aikina, ta aiko in gani."

Ɗaya ɓangaren labarin kuwa a gidana na same shi, don matata ƙawar Bahaguwa ce. Wani otal ya ba Bahaguwa ɗinkin riguna ashirin da huɗu na masu kai abinci. Ta ce bari ta fara amfani da kwalar Baba, kamar yadda take kiran Kawu, a wannan aiki. Ranar gwaji, a cikin mutum ashirin da huɗu babu wanda maɓallin wuyansa ya rufu, sai wani siriri guda, shi ma idanunsa sun firfito. Aka ba ta mako biyu ta gyara ko a kai aikin wani wuri. Amma ba otal ɗin ne ya sa ta kuka ba. Cewa ta yi da matata, "Da bai so ba ni ba, sai ya ce bai so. Shekara bakwai na jira, ban tambaya ba. Me ya sa zai ba ni ta ƙarya?"

Ga tsoho yana ganin an raina shi, ga ita tana ganin an yaudare ta, kuma dukansu kunya ta hana su ɗaga waya. In aka bar su haka, kwalar za ta mutu a bayan ƙofa, zumuncin ya bi ta.

Ni aka kira, don ina sa tabarau kuma ina da kwamfutar hannu, abin da a danginmu ya isa a mai da mutum injiniya. Auta ta turo mini fayil ɗin na buɗe a gaban Kawu. Manhajata ba irin tata ba ce. Sai ga kwalar ta sauko ƙasa ta hau kan lambar girmanta, bakinta kuma ya tsallaka shafi na biyu, kamar akuyar da ta zura kai gonar maƙwabci.

Kawu ya gyara zama. "Wannan ita ce wadda Auta ta yi?"

"Ita ce, Kawu."

"To me ya sa a wurinta tana zaune, a wurinka ta tashi yawo?"

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce abin da ake turawa ba takardar ce kanta ba, bayanin yadda za a shimfiɗa ta ne, kowace manhaja kuma da yadda take fahimta. Na ga bai kama ba, sai na ce, "Kamar ku rubuta awo ɗaya ku ba teloli uku."

"Oho," ya ce. "Ashe kwamfutar ma akwai 'yan koyo a cikinta."

Ya murza tef ɗin da ke wuyansa. Can ya ce, "Gobe da asuba za ka raka ni wurinta. Kai za ka riƙe jaka, tunda ilminka ya ƙare a nan."

Mun isa da hantsi. Shagon Bahaguwa dogo ne, kekuna a jere a bango ɗaya, rigunan otal kuma a rataye a ɗaya bangon, duk wuya a buɗe kamar masu hamma. Ta taso ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, amma idonta na kan siminti. Ta kawo ruwa, ta tambayi Umma da Auta da ciwon gwiwarsa. Ya amsa duka a gajarce.

"Ina takardar?"

Ta jawo aljihun tebur ta fito da ita a cikin leda, ko lanƙwasa babu. Ya shimfiɗa shafin sha shida ya ɗora tef. Inda ya kamata a ga takwas, wato rabin sha shida, bakwai da rabi ne.

"Kin auna wannan kafin ki yanka?"

"Baba, takardarku ce. Ni ce zan sa wa aikinku tef?"

"Shekara bakwai me nake faɗa muku? Ko yadin da uwarki ta ba ki, auna shi."

"Haka kuke cewa," ta ce a hankali. "Amma ranar da na sa tef a kan kwalinku, kwana biyu ba ku yi mini magana ba."

Kawu ya yi tari. Ya dubi fankar sama kamar ita ta yi maganar. Ni kuwa na duƙufa a kan zip ɗin jaka, wanda lafiyarsa ƙalau.

"Wa ya buga miki?" ya tambaya daga bisani.

Mai shagon kwamfuta na tsallaken titi ne, mutum mai fara'a da ƙaton ciki, irin wanda ke son ya taimaka ko ba a roƙe shi ba. Ya tuna aikin sarai, har da alfahari.

"Ai na sha wahala a kansa, Baba. Da na buɗe, duk zanen ya zube, rabi a nan rabi a shafi na gaba. Na ce ba zan ba Hajiya abu a yayyage ba. Ɗaya bayan ɗaya na kama kusurwarsu na matse, har kowanne ya zauna a shafinsa tsaf."

"Ka matse."

"Kaɗan dai. Ido ma ba zai gane ba."

"Ido ba zai gane ba," Kawu ya maimaita. "Wuya ya gane. Ɗana, in baƙo ya fi gadonka tsawo, baƙon kake ragewa?"

Mai shagon ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya bai san abin yanka ba ne, ya ɗauka zanen ado ne. Bahaguwa ta sa bakin mayafinta ta rufe fuska. Kafaɗunta na motsi, ban iya rabe ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta rabe ba.

Aka kira Auta a waya. Ta ce akwai wata hanyar ajiye fayil da ke daskarar da shi, ya zama ko'ina aka buɗe shi yana nan yadda aka bar shi. Kawu ya ce wato a yi masa sitaci a goge. Ta ce kusan haka. Ta yi hakan ta turo, muka buɗe a kwamfutar shagon, kwala na zaune a wurinta kamar amarya. Aka buga. Kawu ya sa tef, sai ga shi har yanzu ta gaza da ɗan kaɗan, don na'urar bugawar ma tana da nata karambanin na rage abu ya shiga tsakiyar takarda. Mai shagon ya lalubo wurin ya hana ta. Aka sake bugawa. Takwas cif.

Ni na ɗauka an gama. Kawu bai tashi ba. Ya karɓi wayar ya ce, "Auta, ja mini layi a saman kowane shafi. Inci huɗu, kada ya ƙaru kada ya ragu. Ki rubuta a ƙarƙashinsa: Auna wannan layi kafin ka taɓa almakashi. In bai kai inci huɗu ba, kada ka yarda da takardar, ko da ni na aiko ta."

Da sabon shafin ya fito, bai auna ba. Ya cire tef ɗin daga wuyansa, wanda ban taɓa gani a hannun wani ba, ya miƙa wa Bahaguwa.

"Auna."

"Baba..."

"Auna aikina, na ce. Zan yi miki magana gobe."

Ta auna layin. Huɗu. Ta auna kwalar. Takwas. Ta sake aunawa, ina jin don daɗin abin kawai.

An yi sa'a ƙanƙanta wuyan rigunan aka yi, ba faɗaɗawa ba, don abin da ya matse ana iya buɗe shi. Kwana uku Kawu ya yi a garin. Ido ba ya ganin kafar allura, amma yatsa na gane ɗinki, shi ya zauna a kan benci yana farke tsofaffin kwalolin, ita tana yanka sababbi da almakashin nan da aka ce an tsinta. Ni aka mayar gunkin gwaji. Da na ce wuyana sha shida ne, Kawu ya ce wannan kafin matata ta iya girki ne. Otal ya karɓi rigunansa saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Yanzu Kawu ba ya ɗinki sosai. Yana buɗe shago da safe, ya zauna a bakin ƙofa yana duba wuyan masu wucewa yana girgiza kai. Kwalayen suna nan a ƙusa, amma an daina gadinsu. Ya ba Bahaguwa izini ta tura fayil ɗin ga sauran waɗanda ya yaye, kuma lokaci zuwa lokaci hoto yakan shigo wayarsa daga wani gari: tef a shimfiɗe a kan layi, yana nuna huɗu. Sai ya sa Umma ta ƙara masa girman hoton, ya tabbatar ba a karkata tef ɗin ba.

Watan jiya Bahaguwa ta aiko mini da riga kyauta, ladan zaman gunki. Na sa ta na nufi shagon Kawu, da singileti mai kyau a ciki saboda ko ta kwana. Na yi sallama. Ya dubi wuyana, ya ce in juya. Na juya. Ya zura yatsa biyu a bayan kwalar, ya zare, ya koma kujerarsa.

"Ka zo lafiya?" ya ce. "Ya mutanen gidan?"