Bafulatanin da ya ceci muryar Inna

Jama'a, yau saura ƙiris in rasa muryar Inna!

Da hantsi na ce bari in saka wa kwamfutata manhajar Linux daga cikin Windows, ba filash. Kwamfutar ta mutu ta sake tashi, sai baƙin allo. Nan na tuna hirar da na naɗa da Inna kafin ta rasu tana ciki, ban kwafa ko'ina ba. Na sungumi kwamfutar na fita.

Na tari adaidaita zuwa wajen mai gyara a kasuwar Gumel. Wai ya tafi Maigatari.

Wani Bafulatani na zaune da sandarsa yana cajin waya. Ya ce, "Malam, lafiya kake zufa haka?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Ka goge komai ne?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Ya karɓa, ya kunna yana danna wani maɓalli. Sunaye biyu suka fito, Linux da Windows, ya zaɓi Windows. Na buɗe hirar da sauri, sai ga Inna tana dariya!

Na ce, "Ina ka koya?"

Ya ce, "Kwamfuta na karanta a Damagaram. Kwafe hirar nan yanzu a gabana."