Ɗayar da Ta Rage

A tashar Bodinga, inda ake jiran motar Shagari ta cika, wani dattijo na tsugune a inuwar dogon yaro. Farar rigarsa ta sha wanki har wuyanta ya tsufa. A hannun hagu yana riƙe da doguwar tasbaha, a na dama kuma tsinke, yana rubutu a ƙasa: bakwai da sifili huɗu. Ya raba, ya share da tafin hannu, ya sake rabawa. Yadda yake jan layin rabawa a miƙe ya sa nake zaton ya daɗe yana riƙe alli a gaban aji.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, lissahin mi a wannan?"

"Hailala ta, ɗana, dubu saba'in da aka yi ma mamaci," in ji shi, bai ɗago ba. "Lamba ce mai haƙuri. Biyu na raba ta, da biyar, da bakwai, da takwas. Da mahaihinmu ya rasu, mu huɗu munka raba ta, kowa dubu sha bakwai da ɗari biyar, ba saura. Jiya ƙanena Nahi'u ya bi shi. Mu ukku munka rage, ita ko ba ta rabuwa ukku. Kullum sai ɗaya ta yi saura."

Direba na kiran mutum ɗaya, a tashi. Dattijon ya dubi ɗayar da ke rubuce ita kaɗai a ƙasa, ya ce a hankali, "La'ilaha illallah." Sannan ya share ta, ya miƙe.