Kwaɗon da Ummaru Ya Sa wa Muryarsa

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Ummaru, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan watan ya kama nakan dama fura in yi masa sadaka, in shiga ɗaki in sha kukana in fito. Bana na yi sadakar, amma kukan bai zo ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da sai da na aurar da 'ya'ya uku kafin in san yadda ake riƙe shi.

Ga wanda bai san shi ba, Ummaru manomi ne a Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, kuma mawaƙin noma. In ana gayya shi ake ɗaukowa, ya tsaya a bakin kunya da gangarsa yana zuga majiya ƙarfi har su manta da rana. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga hotonsa a kwalin faifai. Ya sayar da bijiminsa, ya shiga situdiyon wani mutum a nan Gusau, ya rera waƙa takwas.

Mutumin nan ne ya tsorata shi da 'yan kwafi. Ya ce ranar da faifan ya fito, ranar za su buga dubunsa su sayar da arha, shi ya tashi a tutar babu. Amma akwai wani kwaɗo da ake sa wa faifai a can inda ake buga su, wanda ke hana kwamfuta kwafarsa. Ummaru ya ƙara kuɗi aka sa. Ina tuna ranar da ya shigo gidana a Tudun Wada da katan a ka, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Yaya Kulu, na sa ma muryata kwaɗo. Ɓarawo sai dai ya lashi kwali."

Ni dillaliya ce, gida-gida nake shiga da atamfa da kwanuka. Sai na haɗa da faifan ƙanena, kuma duk matar da ta ce ba ta so sai na tuna mata ranar da na yi mata rangwame. Cikin mako biyu na sayar da rabin katan. A mako na uku suka fara dawowa.

Hajiya Asabe ce ta farko. Ta ajiye mini shi a kan tabarma ta ce, "Kulu, wanga faifai naki bebe na?" Na'urar bidiyon gidanta takan haɗiye shi, ta yi ta juyi tana gurnani, ta tofo shi waje. Haka ta gidan kusa da ita. Rediyon mota ya ƙi shi, kwamfuta ta ƙi shi. Sai tsofaffin manyan rediyoyin nan kaɗai yake yarda da su, kuma gida nawa ke da su? Ni kuwa na tsaya kai da fata cewa na'urorinsu ne na banza. Na yi faɗa da matan da muka shekara ashirin muna ciniki, wasu har yau gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Wanda na fi yi wa rashin mutunci shi ne Garba direba, mai jigilar Gusau zuwa Tsafe. Faifai biyu ya saya a hannuna. Wata rana ina tasha sai na ji muryar Ummaru na tashi daga motarsa, na leƙa na ga kaset ne. Ummaru bai taɓa fitar da kaset ba. Na daki gaban motar da tafin hannu, na kira shi ɓarawo a gaban fasinjojinsa.

Ya ce, "Hajiya, da kuɗina na saya, ya ƙi magana cikin motata. Na kai shi gidan maƙwabcina mai babbar rediyo, na kanga ƙaramar rikoda a bakin sifika na ɗauka. In saurari abin da na saya, shi ne sata?"

Na ce shi ne. Na ƙara masa da wasu kalmomin da jarida ba za ta buga ba.

Ciniki ya mutu. Ummaru ya kwashe faifan da aka maido da waɗanda ba a sayar ba, ya zura musu zare, ya rataye su a gonar geronsa suna walƙiya. Ya ce tunda mutane ba su ji shi ba, ko tsuntsaye su ji tsoronsa. Ya faɗa yana dariya, amma bai sake zancen situdiyo ba har ciwon hanta ya kwantar da shi bayan shekara uku. Rana da ruwa suka cinye na gonar. Guda ɗaya ya rage mana, wanda ya ba mahaifiyarmu Inna tare da tsohon rediyon da ke karɓarsa.

Bayan rasuwarsa kullum safiya sai Inna ta sa an kunna mata. Na ga faifan ya fara ƙarzuwa, hankalina ya tashi. Na ɗauke shi na kai wa masu kwamfuta uku a Sabon Gari su kwafa mini ko guda, kowanne ya juya shi ya ce, "Hajiya, a kulle yake." Na ce ni 'yar'uwar mai waƙar ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗayansu ya ce kwaɗon bai san dangi ba. Na nemi mai situdiyo, aka ce ya rufe ya bar gari, babu wanda ya san inda ya kai ainihin ɗaukar. Dabarar Garba kuwa ta zo mini a rai, amma girman kai ya hana ni yin abin da na zagi wani a kansa. Ina cikin jan ƙafa faifan ya fara in'ina, yana maimaita kalma ɗaya, wata safiya ya yi shiru.

Idon Inna ya tafi, ta dawo hannuna a Tudun Wada. Takan ce, "Kulu, sa mani Ummaru." In ce rediyon na wurin gyara. Shekara tara rediyon nan yana wurin gyara. Ta san ƙarya nake yi, na san ta sani, amma ba ta fasa tambaya ba. Babban tsorona shi ne ta koma ga Allah da wannan roƙo a bakinta.

A cikin shekarun nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙi, kwalin faifan na fara ɗaukowa. An rubuta da manyan haruffa: AN KULLE, BA YA KWAFUWA. Na bi shi gaba da baya da yatsa ina neman inda aka ce wa mai saye ƙila ba zai yi a na'urarsa ba. Babu. An yi wa ɓarawo gargaɗi, ba a yi wa mai kuɗi ba. Ranar na gane Hajiya Asabe ce mai gaskiya.

Daminar da ta wuce na je kasuwar Tsafe saro kaya. Ina ratsa layin masu gishiri sai na ji ganga, na ji "Ku duƙa, 'yan maza!" Muryar Ummaru ce. Wani dattijon Bafillace ne ya wuce da ƙaramar rediyo mai memori rataye a wuya. Na cafko rigarsa ta baya, bawan Allah ya zabura har sandarsa ta faɗi.

"Ina ka samu wagga waƙa?"

"Subhanalla! Hajiya, sake ni. Wurin masu turi, ga su can."

Masu tura waƙoƙi a waya ba su ma san sunansa ba. Mai Gangar Bungudu suka rubuta. Waƙa takwas, babu wadda ta ɓata. Na miƙa wayata, kafin in gama gyara mayafi an gama.

Da na iso gida ban cire takalmi ba na ɗora wa Inna wayar a kunne. Kafin ganga ta fara sai aka ji ƙarar ƙofa, aka ji wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yi shiru, ana ɗauka." Ko cikin barci na san muryar nan. Garba ne. Daga kaset ɗinsa duk sauran suka fito, hannu zuwa hannu, har suka faɗa waya. Inna ba ta yi kuka ba. Ta saurari takwas ɗin tana kaɗa kai, ta ce, "Rediyon ya daɗe wurin gyara." Sannan ta ce a ba ta tuwo, ita da sai an yi da gaske take cin loma uku.

Na koma Tsafe na sami Garba, ya tsufa ya bar tuƙi. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Hajiya Kulu, ɓarawo kika zo gaisarwa? Na yafe. Amma gaban motata da kika lotsa, wannan sai a lahira."

Nakan tambayi kaina me Ummaru zai ce da ya ga yau, waƙarsa na yawo a wuyan makiyaya babu sunansa, ko sisi bai shigo gidansa ba. Zai ji zafi, kuma yana da gaskiya, domin bijimi ya sayar. Ba na wanke masu buga guminsa su sayar. Amma kwaɗonsa bai tare ko ɗaya daga cikinsu ba. Hajiya Asabe ya tare, da Garba, da uwar da ta haife shi. Kuma abin bai ƙare ba. Maƙwabcina mai shagon wasan ƙwallo na kwamfuta ya sayi wasansa na asali da tsada, amma duk ranar da sabis ya ɗauke wasan sai ya ƙi buɗewa, wai sai ya tabbatar shi ne mai shi. Na gefensa da ya sa na kwafi yana ta ciniki. Masu ƙera waɗannan makullai su ji daga bakin tsohuwar dillaliya: wanda ya biya ku kuke ɗaurewa.

Gonar Ummaru an raba, gangarsa fatar ta tsage, kwalin faifan ya koɗe har ba a gane fuskarsa. Muryar ce ta rage, ita ma ta hannun mutumin da na zaga a tasha. Na tura ta a waya biyar, na sa an gyara sunan ya koma Ummaru Kekun Waje, kuma duk mai so ya zo da wayarsa. Yanzu kullum safiya bayan Inna ta idar da lazimi nakan kunna mata. A cikin wayar Garba ya yi gyaran murya ya faɗi tasa, ita kuma ta ɗaga hannu ta ce wa duk gidan, "Kun dai ji. An ce ku yi shiru."